Bayan an sake haɗa inji: yadda ake zaunar da delko da auna masa rondel

A garejin gyaran mota, ko a Yamai ne ko a Maraɗi, ranar da aka gama haɗa injin da aka sauke rana ce ta gaggawa. An kai bulok da kulas wajen masu sharar ƙarfe, an sa sababbin fisto da zobba, an ɗaure komai. Mai mota ya yi mako biyu ko uku motarsa ba ta kawo masa ko dala ba, ga shi tsaye a bakin rumfa yana jiran ya ji kukan inji. Abin da ya rage shi ne delko, ɗan ƙarfen da ƙusa guda ke riƙewa, kuma sau da yawa yaron gareji ake bar ma shi ya zura.

A wannan ɗan aiki na ƙarshe ake yawan yin asarar kuɗin da aka kashe duka. A injuna da dama sandar delko ce ke juya famfon man inji. In delko bai zauna daidai ba, inji zai iya tashi yana aiki ba tare da mai yana zagayawa ba, cikin ƴan mintoci sababbin kusine su ƙone. In kuma ya zauna da matsi, zai ci haƙoran pinyo a hankali, har ranar da motar za ta mutu a tsakiyar hanya. Bambancin da ke tsakanin aiki mai kyau da wannan asara bai cika wuce milimita guda ba.

Mene ne delko, kuma me yake yi?

Sunan da muke kiransa da shi sunan kamfani ne. Delco taƙaitawa ce ta Dayton Engineering Laboratories Company, kamfanin da Charles Kettering da Edward Deeds suka kafa a 1909 a birnin Dayton na jihar Ohayo a Amurka. Motocin Cadillac suka fara amfani da tsarin wutarsu a 1910. Faransawa suka ari sunan suka liƙa ma na'urar, mu kuma muka gada daga gare su. A littattafan gyara na Faransanci allumeur ake rubutawa, a ƙetaren iyaka kuwa, a Katsina ko Kano, distiributa za ka ji.

Aikinsa shi ne raba wuta. Bobin na ɗaga wutar batir daga volt 12 zuwa dubban volt, delko kuma ya aika ta zuwa bujin da lokacinsa ya yi. Buji shi ne abin da ake ce ma fulogi a Najeriya. Injin fetur na mota yana aiki da bugu huɗu: shaƙar iska da mai, matsi, ƙuna, sai fitar da hayaƙi. Kafin bugun huɗun su cika, bilbirikan, wato babbar sandar da fisto ke juyawa, yana zagayawa sau biyu, delko kuwa sau ɗaya. Saboda haka idan inji mai silinda huɗu yana juyi 3.000 a minti, delko na juyi 1.500 yana raba tartsatsi 6.000, wato 100 a kowace daƙiƙa, kuma kowanne dole ya zo a kan lokacinsa.

Injin gazuwal ba shi da delko, haka ma yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990, waɗanda kwamfuta ke raba musu wuta. Amma a ƙasarmu tsofaffin motoci ne ke ɗauke da kaso mai yawa na jigilar kasuwannin ƙauye. Akwai Peugeot 404 da 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000. Akwai Land Cruiser mai injin 2F na lita 4,2 ko 3F na lita 4,0, da ƙananan Toyota masu karburater. Duka waɗannan da delko suke aiki.

Me ya sa tsohuwar alama ba ta isa ba?

Makanike mai hankali yakan yi zane da ƙusa a jikin delko da jikin inji kafin ya cire shi. Alamar tana da amfani idan delko kaɗai aka cire aka mayar ba a juya inji ba. Bayan babban gyara kuwa, injin da aka haɗa ba shi ne wanda aka kwance ba.

An juya bilbirikan sau da yawa, an cire arbarakam, sandar da ke buɗe supap, an mayar ko an sa sabuwa. An share fuskar kulas, wani lokaci har da ta bulok, tsawon inji ya ragu. A injin da arbarakam ke cikin kulas, wannan shara kan sa ta ɗan makara, delkon da ke jikinta ya makara tare da ita. A injunan V8 na Amurka irin na Chevrolet, inda delko ke ratsa murfin shigar iska kafin ya kai ga famfon mai, sharar kan sauke mazauninsa ƙasa har gindin sandarsa ya tokare famfon. A can aka fi sanin matsalar, shi ya sa ake sayar da rondel na musamman masu kauri wajen milimita 0,75 da 1,5 da 2,5.

A nan gida matsalar ta fi shigowa ta wata ƙofa. A injin 2F ko 3F mazaunin delko a gefen bulok yake, sharar kulas ba ta taɓa shi. Sai dai kayan da aka haɗa injin da su daga wurare dabam-dabam suke: famfon mai sabo na kanti, delko na okaziyo daga kasuwar tsofaffin kayan mota, wani lokaci ma na wani samfurin inji ne mai kama da shi. Ga ido duk ɗaya suke. A awo, tsawon sanda ko zurfin tsagar famfo na iya bambanta, kuma ba za a sani ba sai an auna.

Awo na farko: wasan sanda

Wannan a kan tebur ake yin sa, kafin delko ya kusanci inji. A riƙe jikin delko da hannu guda, a kama pinyon da ke gindinsa, wato ƙaramar giyar nan mai haƙora, a tura sama a ja ƙasa. Sandar za ta ɗan motsa. Girman motsin ake aunawa da siraran ƙarafan awo da ake auna bakin buji da su, a zura tsakanin pinyo da jikin delko.

Dalilin kula da wannan wasa yana cikin siffar haƙoran. A karkace suke, ba a miƙe ba. Duk lokacin da sandar ta hau ko ta sauka, karkatar haƙoran na tilasta mata ta ɗan juya, lokacin wuta ya matsa gaba ko baya. Wasan da ya kai milimita guda na iya kaɗa lokacin wuta da digiri da dama, kuma ba a wuri guda yake tsayawa ba: in an taka mai ya tafi nan, in an saki ya koma can. Shi ne injin da ake yi ma kalaji da safe, da yamma ya koma yana rawa.

Kowane kamfani da adadin da ya ƙayyade, kuma littafin gyaran injin ne ke da magana ta ƙarshe. A delko da yawa adadin yana tsakanin milimita 0,2 da 0,5. In wasan ya wuce ƙa'ida, sai a fitar da ƴar ƙusar da ta ratsa pinyo da sanda, a zare pinyon, a ƙara rondel siriri tsakaninsa da jikin delko, a mayar a sake aunawa. Kafin a zare pinyon a yi masa alama shi da sandar, domin idan adadin haƙoransa bai rabu biyu daidai ba, mayar da shi a juye kan kawar da rotor da rabin haƙori. Ƙusar kuma sabuwa ake sawa, don tsohuwar da aka buga aka fitar ba ta ƙara riƙo kamar da.

Kada a cike wasan duka. Jikin delko galibi na alminiyom ne, sandar kuma ta ƙarfe, kuma alminiyom na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. A tsawon santimita 15, idan zafi ya ƙaru da digiri 70, bambancin na kaiwa wajen milimita 0,1. Delkon da aka matse ba wasa yana sanyi zai cije idan inji ya ɗau zafi, balle a watan Afrilu ko Mayu da zafin inuwa kansa ke wuce digiri 40.

Rondel ɗin ma a kula da irinsa. Na ƙarfe mai tauri ake so, mai santsi, daidai da kaurin sandar. Wanda aka yanko daga gwangwanin tumatir taushi gare shi, sandar za ta niƙe shi, garinsa ya gangara cikin man inji.

Neman silinda ta ɗaya

Kafin a zura delko, dole fisto na silinda ta ɗaya ya kasance a ƙololuwa a ƙarshen bugun matsi, wurin da littattafan Faransanci ke rubutawa PMH. Kuskure biyu ake yawan yi a nan.

Na farko shi ne rashin sanin wace ce silinda ta ɗaya. A Toyota ana fara ƙirga daga gaba, wajen fanka. A yawancin injunan Peugeot da Renault daga baya ake farawa, wajen akwatin giya. Yaron da ya koyi aiki a kan motocin Japan kan ruɗe in aka kawo masa 504.

Na biyu shi ne dogara ga alamar da ke kan puli ko kan babban faifan baya ita kaɗai. Tun da bilbirikan na zagayawa sau biyu a kowane zagayen delko, alamar na zuwa daidai sau biyu: sau ɗaya a ƙarshen matsi, sau ɗaya a ƙarshen fitar da hayaƙi. A inji mai silinda huɗu fisto na 1 da na 4 tare suke hawa, a mai shida kuma na 1 da na 6. Don a tantance, a cire bujin silinda ta ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya inji da hannu ta inda ya saba juyawa. In iska ta turo yatsan, matsi ne, sai a ci gaba a hankali har alamar ta daidaita. In murfin sama a buɗe yake, a duba supap biyu na silindar, a tabbatar duka a rufe suke.

Wanda ya zaunar da delko a kan bugun da ba shi ba zai ji inji na tari da harbi ta karburater, ya ƙi tashi. A tsohon inji wannan ɓata lokaci ne kawai. A sabon haɗi kuwa, kowane dogon murza makulli na goge man da aka shafa ma arbarakam wajen haɗawa, kuma fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda kafin zobba su zauna.

Zurawa, da giɓi iri biyu

Idan delko mai pinyo ne, rotor zai ɗan juya da kansa yayin da haƙora ke shiga na arbarakam. Don haka ana fara zurawa rotor na ɗan baya da inda ake so ya tsaya, ya ƙarasa yana nuna wayar silinda ta ɗaya. Kuskuren haƙori guda ba ƙarami ba ne: a pinyo mai haƙora 13, haƙori guda kusan digiri 28 ne a delko, wato sama da 55 a bilbirikan. A 404 da 504 delkon ba shi da pinyo, harshe gare shi da ke shiga wata tsaga da ba a tsakiya take ba, don haka fuska guda kawai yake shiga. A nan alkiblar tsagar tun lokacin haɗa inji ake saita ta, in an yi kuskure sandar da ke ƙasa za a ɗaga a gyara.

Sau da yawa delko kan shiga ya tsaya kafin wuyansa ya taɓa mazauninsa. A nan ne ake kashe inji, domin giɓin iri biyu ne, maganinsu kuma ba ɗaya ba.

In giɓin babba ne, milimita da yawa, harshen sandar ne bai faɗa cikin tsagar famfon mai ba, yana zaune a kanta. A fitar da delko, a zura dogon sukudireba a juya tsagar ta fuskanci harshen, ko kuma a danna delko a hankali da hannu wani yana juya bilbirikan har a ji ya faɗa, sannan a koma a sake tabbatar da alamar. Masu Land Cruiser na da sun san haɗarin: haƙoran pinyo na iya kamawa, wuta ta zo, inji ya tashi lafiya lau, alhali famfon mai ko motsi bai yi ba. Wanda ya cike irin wannan giɓi da rondel ya ɗaure, ya yanke ma injin hukunci da hannunsa.

In giɓin ƙarami ne, kamar kaurin farce ko ya ɗan fi, kuma harshen ya riga ya shiga, to sandar ce ta kai ƙasa ta tokare. Wannan shi ne mai buƙatar rondel.

A duka biyun, ba a jawo delko ƙasa da ƙarfin ƙusa. Delkon da bai zauna da nauyin hannu ba, akwai abin da ya tare shi.

Awo na biyu: zurfin zama

Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. A zura delko ba tare da takardar juwan ɗinsa ba, a danne jikinsa a kan mazauni da hannu guda, a kama rotor da ɗaya hannun a ja sama a tura ƙasa. In wuyan ya kwanta daram kuma sandar na da wasan nan da aka auna a kan tebur, zurfin ya yi, a sa juwan a ɗaure. In wasan ya ɓace, ko wuyan ya ƙi kwantawa, sandar na danne famfo. Sai a auna giɓin da ƙarafan awo, a sa rondel a ƙarƙashin wuyan, a sake gwadawa har wasan ya dawo. Tara takardun juwan uku ko huɗu ba ya maye gurbin rondel, domin takarda na lotsewa bayan ƴan kwanaki matsin ya dawo.

Idan aka bar matsin, sandar na tura cikin famfo yana gogar murfinsa, pinyo da haƙoran arbarakam suna cin juna, garin ƙarfe na bin mai zuwa kusine. In kuma aka cika rondel, harshen zai riƙe tsagar da ɗan bakinsa kawai, haƙoran pinyo su hau gefe. Don a ga inda aka tsaya, a shafa ma haƙoran shuɗin awo ko ɗan giris mai kauri, a zaunar, a juya inji da hannu sau biyu ko uku, a fitar a duba. Sawun gogayya ya kamata ya fito a tsakiyar haƙori. In pinyon ya riga ya cinye har haƙoransa sun yi kaifi, a canza shi, kada a haɗa shi da sabuwar arbarakam.

Kafin a murza makulli, da bayan an murza

A injin da delko ke juya famfo, ramin delko dama ce ta cika inji da mai kafin ya tashi. Ana samun tsohon delko a cire masa pinyo, a kama kan sandarsa da na'urar huda ƙarfe, a juya ta inda rotor ke juyawa har mai ya ɓullo a sama wajen supap.

In delkon mai bis-platine ne, bakinsu ake fara saitawa, galibi tsakanin milimita 0,40 da 0,45, domin girman bakin na canza lokacin wuta. Sannan a jera wayoyin buji ta inda rotor ke juyawa: 1-3-4-2 a yawancin masu silinda huɗu, 1-5-3-6-2-4 a masu shida a jere. Ana son wuta ta zo kafin fisto ya kai ƙololuwa, domin ƙuna na ɗaukar lokaci. A injin 2F, alal misali, digiri 7 ne. A tsayar da bilbirikan a kan wannan alama, a haɗa ƙaramin ƙwan fitila na volt 12 tsakanin jikin mota da wayar da ta fito daga bobin zuwa delko, a buɗe makulli. A juya jikin delko ta inda rotor ke bi har fitilar ta mutu, sannan a dawo da shi a hankali har ta kama. Nan ne wurin, a ɗaure.

Da inji ya tashi, ido a kan fitilar mai. In ba ta mutu cikin ƴan daƙiƙoƙi ba, a kashe nan take, kada a ce bari ya ɗan yi zafi. In mai na zagayawa, bayan inji ya ɗumama a tabbatar da kalajin da fitilar walƙiya, bayan an cire ƴar robar iskar da ke shiga delko an toshe ta, in littafin ya ce a yi haka. Alamar da ke tsalle a ƙarƙashin hasken na nuna akwai sauran wasa a sanda.

Gwajin ƙarshe a kan hanya yake. Wutar da ta riga lokaci na sa inji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman da lodi a hawan tudu irin na Adar, kuma tana iya huda fisto. Wadda ta makara na sa inji zafi da kasala da shan mai. Zafin rana da fetur ɗin kwalba na bakin titi, wanda ba a san ingancinsa ba, suna ƙara saurin wannan ƙara, don haka mai sabon inji ya fi kyau ya sha mai a gidan mai.

Abin da mai mota zai iya tambaya

Ba sai mutum ya iya riƙe sifana ba kafin ya kare kuɗinsa. Ranar haɗawa ya tambayi maigidan gareji ko delkon da famfon na samfurin injin ne, ko an auna wasan sanda kuma nawa aka samu. Ya nemi a nuna masa wuyan delko ya kwanta kafin a ɗaure ƙusa, ya kuma tsaya ya ga fitilar mai ta mutu da idonsa. Makaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, don shi ma sunansa yake karewa. Awon duka bai fi sa'a guda ba, kuma mai motar da ya yi haƙurin makonni uku bai kamata ya matsa ma gareji a kan sa'ar ƙarshe ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Bayan tafiyar kilomita ɗari biyar zuwa dubu, lokacin juye man farko, a sake duba kalajin, a kuma duba man da aka juye ko akwai garin ƙarfe a ciki.